Sun ce ba ni da kai, ni kuma na yarda har shekara ashirin

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na daɗe ina son in ba da wannan labarin amma duk sanda na ɗauki waya sai in ajiye, don ni har yau rubutu ba abu ne mai sauƙi gare ni ba, wannan da kuke karantawa ma kwana tara na yi ina haɗa shi kaɗan kaɗan bayan sallar isha, in na rubuta sai mai ɗakina ta duba ta gyara mini inda haruffa suka juya. Ba zan kama sunan kowa ba, waɗanda suka yi mini alheri Allah ya san su, waɗanda suka ɓata mini rai kuma na yafe tuntuni.

An haife ni nan Maradi a 1985, unguwar Bagalam. Baba yana da ɗan tebur a babbar kasuwa, sabulu, ashana, batir, irin kayan da ake sarowa daga Jibiya. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, kuma akwai abin da ya tsaya mishi a rai har ya koma ga Allah, wai tun kafin a haife ni wani ya sa shi ya dangwala hannu a takardar da bai san abin da ke cikinta ba, daga baya ya tarar filinshi ne ya sallama. Shi ya sa ranar da ya kai ni lakwal a 1992 ya riƙe hannuna har bakin aji ya ce mini, kai ne idona, daga yau ba wanda zai sake nuna mini takarda in yi shiru. Ina da shekara bakwai lokacin, ban san nauyin abin da aka ɗora mini ba, murnar sabon allo da alli kawai nike.

Ajinmu rumfar zana ce, mun haura tamanin a ciki, a ƙasa muke zama. Tun daga CI, ajin farko, na gane akwai abin da ke faruwa da sauran yara wanda ni ba ya faruwa da ni. Mushe zai rubuta harafi a babban allo ya faɗi sunanshi, mu maimaita, ni ma in maimaita da ƙarfi, amma gobe in an sake rubuta shi sai in ganshi kamar baƙon da ban taɓa haɗuwa da shi ba. b da d da p da q duk abu ɗaya ne a wurina, sanda ce da ƙwallo, ban san dalilin da ya sa in ƙwallon ya koma hagu sunan ke canzawa ba. Ga shi kuma duk da Faransanci ake yi, harshen da ba a yin shi a gidanmu ko a unguwarmu, in ka yi Hausa a cikin aji a rataya maka sambol, wani ƙashi ne da aka ɗaure da igiya, duk wanda aka tashi yana wuyanshi shi ke shan bulala. To ni da ban gane ba, kuma ba ni da bakin tambaya sai da Hausa, sai na zaɓi in yi shiru, na yi shirun shekara takwas.

Abin da ya fi kashe ni shi ne dikte. Mushe na karantawa kuna rubutawa, kuskure biyar sifili. Ku duba fa, ruwa da Faransanci ana faɗin shi o, amma a rubuce e ne da a da u, ba ko o ɗin a ciki, ga haruffan da ake rubutawa a ƙarshen kalma ba a furta su. Yaran da Allah ya ba su riƙe hoton kalma suna wucewa abinsu, ni kuwa takardata ta dawo ja wur kamar an yanka kaza a kai. Wani mushe da muka yi a CE1, aji na uku, wanda na maimaita, in zai raba takardu daga na ɗaya yake farawa yana sauka, tawa kullum ita ce ta ƙarshe a hannunshi, sai ya ɗaga ta sama ya ce ga ta jakin aji. In an tashi yara su biyo ni suna kukan jaki har ƙofar gida. Wallahi yau ina da shekara arba'in da furfura a gemu amma in na ji jaki na kuka da hantsi sai gabana ya faɗi kafin in tuna ni babba ne.

Abin mamaki a makarantar allo ni ne na gaba. In Malam ya biya aya sau biyu ta zauna, har waɗanda suka girme ni nike ja wa baƙi, Inna na jin daɗi ana cewa ɗanta na da hadda. Wata ranar Laraba Malam ya kira ni ya ɗora yatsa a tsakiyar allona ya ce karanta mini daga nan. Na tsaya. Na koma farkon sura a zuciyata ina gudu ina lissafi ko zan cimma inda yatsan yake, ya gane. Na runtse ido ina jiran dorina, sai na ji ya dafa kaina ya ce, kai kunnenka ne allonka, Allah ya yi maka albarka, je ka zauna. Ban fahimci maganar ba a lokacin, na ɗauka dai ya tausaya mini ne.

A gida kuma ni ne mai ƙera motar waya, wadda ke da sitiyari dogo da ƙafafun da ke juyawa hagu da dama, yaran unguwa na saye dala biyar. Na taɓa kwance rediyon Baba da ta daina magana na ga wata ƴar waya ta cire na maida ta, ta tashi. Amma ba wanda ya taɓa kiran wannan ƙwaƙwalwa, ni ma ban kira shi haka ba, sunanshi wasa, kuma shi ne ake cewa ya hana ni karatu.

Na zauna jarabawar satifika sau biyu, 1999 da 2000. Ta biyun ita ce ba zan manta ba. An tara mu a filin makaranta ana kiran sunayen waɗanda suka samu, duk wanda aka kira sai ihu da guɗa, ina tsaye jikin wata bedi ina ƙirga sunaye har aka naɗe takarda. Ni kaɗai na je, ni kaɗai na dawo, ban ma bi hanyar gida ba, na gangara bakin Gulbi na zauna har magariba ina tunanin in shiga mota in tahi Kano inda ba wanda ya san ni. Yunwa da tsoron duhu suka maido ni. Baba na zaune kan buzu a zaure, bai tambaye ni ba don labari ya riga ni, ya ce to Allah bai yi ba, ya ci gaba da jan carbinshi. Da ma duka na ya yi. Ya yi wajen wata biyu in zai aike ni sai ya faɗa wa Inna ta faɗa mini. Ban ga laifinshi ba, mutum ne da ya sa duk burinshi wuri ɗaya, amma a wannan watannin ne na yanke wa kaina hukunci cewa ni daƙiƙi ne, Allah ya raba hankali ban samu ba, kuma na riƙe wannan hukuncin kamar yadda ake riƙe sunan yanka.

Kawuna da ke noman rani a Jiratawa shi ya zo ya ce wa Baba a ba shi ni. Ya kai ni wurin wani maigida mai gyaran injin ban ruwa, irin ƙananan nan masu shan mai da masu lambu ke jawo ruwa da su su shayar da zogale da albasa da tumatir. Wata shida ba abin da nike yi sai wanke ƙarafa cikin mai da miƙa kile da sayo shayi. Amma ina kallo, kuma ina saurare. Maigida na da wata dabara, in inji na aiki sai ya ɗora bakin sukudireba a jikinshi ya kafa kunne a ƙotar, ya yi shiru kamar likita. In ya fita sai in ɗauka in gwada. Kai jama'a, wata duniya ce a ciki. Lafiyayyen inji na da kiɗanshi daidai wa daida, wanda supap ɗinshi ya saki yana wani tak tak siriri daga sama, wanda karbirato ya toshe da dattin man ruwa-ruwa yana yi kamar mai tari, ya ja ya saki ya ja ya saki. Ba wanda ya ce in haddace, haka nan suka zauna mini kamar yadda ayoyi ke zama.

Wata rana maigida ya tahi jana'iza Madarunfa, wani dattijo ya kawo inji a amalanke hankalinshi a tashe, wai yana tashi lafiya lau amma ba ya jan ruwa, ga albasa kwana uku ba ta sha ba. Manyan yaran shago suka ce a kwance fanfon gaba ɗaya. Ni dai na roƙa a ɗura mishi ruwa a sa tiyo cikin duro a tada shi, na durƙusa na bi tiyon da kunne tun daga duro har inda ya haɗu da bakin inji, nan na ji wata ƴar ƙara siii kamar maciji, iska yake sha ta wurin, kuma fanfo in yana shan iska ba zai taɓa ɗaga ruwa ba. Na yanko robar cikin taya na naɗe wurin tam na ɗaure, aka sake ɗura ruwa aka tada, sai ga ruwa ya yi tsalle ya jiƙa dattijon har hula. Da maigida ya dawo aka ba shi labari, ya kalle ni ya daɗe sannan ya ce, yaro ashe kana da kai. Na zagaya bayan shago na yi kuka mai isata, shekarata goma sha shida ban taɓa jin wani ya haɗa ni da wannan kalmar ba.

A 2008 maigida ya sallame ni da albarka da akwatin kayan aiki, na kafa rumfata, na yi aure a 2010, aiki ya karɓe ni, daga Jiratawa har Tibiri ana kirana. Nan ne kuma na yi kuskuren da nike son duk mai irin halina ya ji shi da kyau. Da na gane ina da baiwar hannu da kunne sai na maida ita garkuwa. Na riƙa cewa ai boko aikin banza ne, ga masu digiri nan suna zaman kashe wando ni ina ba su na shayi. A baki ina alfahari, a ciki kuwa tsoron takarda na nan yadda yake. In an miƙo mini rasit in ce idona na ciwo, lambobin waya da alama nike ajiye su, wannan tauraro biyu wancan tauraro uku, da WhatsApp ya zo da saƙon murya na ji kamar don ni aka yi shi. Bashin mutum talatin na cikin kaina ba na mantawa da ko dala. Na ɓoye abin har ina ganin ko matata ba ta sani ba. Baba ya rasu a 2017, yana alfahari da ni a ƙarshe don ni ke riƙe da gidan, amma har ya tahi ban taɓa karanta mishi layi ɗaya ba.

A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyaka, mai ya yi tsada a wurinmu, masu lambu da ke da hali suka fara komawa fanfon sola. Na ga in ban shiga ba za a bar ni baya. Na je na kalli yadda aka haɗa wani a lambun maƙwabcin Kawu, sau ɗaya na kalla na riƙe, yadda na saba. Sai wani Alhaji da ya yarda da ni shekara da shekaru ya sayo nashi, fano shida manya, allunan nan masu kama hasken rana, da akwatin da ke sarrafa wutar da fanfon kanshi, ya ce ba wanda zai taɓa sai ni. Na jera fano shidan a layi ɗaya, wayar wannan cikin ta wancan, kamar yadda na gani. Abin da ban sani ba, in ka jera su haka ƙarfin volt ɗinsu haɗuwa yake yi, kowane ɗaya na ba da wajen 45, shida sun kai 270, akwatin Alhaji kuwa ƙarami ne ba irin wanda na gani a can ba. Rana tsaka na haɗa wayar ƙarshe, na ji ɗas, sai warin ƙuna. Sola ba ta da kiɗan da kunne zai bi, ba ta yi mini tari ba, ba ta yi mini gargaɗi ba. Ɗan Alhaji, yaro ɗan kolej da bai wuce shekara goma sha huɗu ba, ya duƙa ya kalli wata ƴar takarda da ke manne a jikin akwatin ya ce, Baba ai ga shi nan an rubuta kar a wuce volt 110. Takardar na gaban idona tun safe, na ma dafa ta da hannuna.

Alhaji bai zage ni ba amma na biya, don hakkinshi ne. Jikka ɗari biyu da hamsin har da abin da ya lalace a fanfon. Na saida moto, mai ɗakina ta saida jajayen awakinta biyu da take ji da su, ɗaya ma da ciki. Labari ya zaga lambuna, aiki ya ja baya. Na kwanta ciwo, ba zazzaɓi ba ba komai ba, barci ne ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, in na rufe ido sai in ga mushe ya ɗaga takarda sama. Na ce ashe gaskiyarsu, shekara goma sha tara ina ruɗin kaina.

Wani dare na kasa daurewa na ce mata ina da maganar da na ɓoye miki, ni ban iya karatu ba. Ta yi shiru sannan ta ce, Malam, tun satin farko na aurenmu na sani, ranar da ka riƙe takardar asibiti a juye, na bari ne sai ranar da ka faɗa da bakinka. Ita ta yi lakwal har ajin burbe, ajin ƙarshe na kolej. Ta ce za ta koya mini amma ba da Faransanci ba, da Hausa, don Hausa yadda ka faɗe ta haka ake rubuta ta, ba harafin da ke ɓuya. Muka fara bayan yara sun yi barci, da fitilar waya. Satin farko abin ya so ya koma irin na da, ta rubuta in manta. Sai ni da kaina na ɗauko ragowar wayar jan ƙarfe daga rumfa na ce ta nuna mini, na lanƙwasa b da hannuna, na lanƙwasa d, na riƙe su ina juyawa ina faɗin sautinsu da ƙarfi, na ji a yatsuna inda cikin kowane yake kallo. Na yi ɓ da ɗ da ƙ da ƴan ƙugiyoyinsu. Na jera su a tabarma ina haɗa ba, bi, bu, kamar ina haɗa inji. A hankali fa, ba dare ɗaya ba, wata takwas muka yi, akwai daren da na yi jifa da wayoyin na ce na bari, ta tsince su ta ajiye ba ta ce komai ba, gobe ta sake shimfiɗa tabarma. Gemu ba ya hana ilimi da ake faɗa gaskiya ne amma ba a faɗin irin kunyar da mai gemun ke haɗiyewa. Kalmar farko da na karanta ni kaɗai a titi, a bangon wani gida ce an rubuta da gawayi, akwai ƙanƙara. Na tsaya a wurin kamar an dasa ni har mai gidan ya leƙo ya ce ta nawa za a ba ka.

Kuna tsammani wanda ya sha wannan ba zai taɓa yi wa wani ba ko? A 2022 babban ɗana na CE1 ya kawo kaye, littafin rubutunshi, dikte sifili, ja ko'ina. Na dawo a gajiye, na duba, ban san lokacin da bakina ya ce kai wane irin jaki ne ba. Yaron bai yi kuka ba. Ya sunkuyar da kai ya ja jikinshi ya lafe a bango, kuma na san wannan lafewar, na san abin da ake yanke wa kai a cikinta. Uwarshi ta kalle ni kallo ɗaya. Na fita na bar gidan, na zauna a rumfa cikin duhu har aka yi kiran assalatu.

Da safe na kira ƙanena ɗan Kawu, wanda ya yi jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maradi yanzu yana koyarwa a kolej. Na dafa shayi na faɗa mishi komai, nawa da na yaron. Ya ce Yaya, abin da kake kwatantawa yana da suna, ana ce mishi disleksi, wahala ce ta haɗa harafi da sautinshi, ba ciwon ido ba ne kuma ba ta da alaƙa da ƙarancin hankali, tana kuma bin jini, sau da yawa in uba na da ita a samu a ɗa. Ni ba a taɓa gwada ni ba har yau, amma duk alamar da ya lissafa sai in ji kamar yana karanta tarihina.

Sannan ya ba ni labarin wani malamin jami'ar Harvard a Amurka, Howard Gardner, wanda a 1983 ya fito da ra'ayin cewa basira ba guda ɗaya ba ce da za a auna da ma'auni ɗaya. Ya lissafa bakwai, daga baya ya ƙara ta takwas. Makaranta ta fi auna biyu, ta harshe da ta lissafi. Yana faɗin sauran ni kuma ina ganin mutane a gabana. Da ya ce akwai ta sanin halittu, tsiro da dabba da ƙasa, sai na ga Kawu, ubanshi, wanda zai damƙi ƙasa ya murza ya ce nan albasa ba za ta yi ba, ya kalli idon akuya ya ce gobe za ta kwanta, kuma ta kwanta. Da ya ce akwai ta sanin mutane sai na ga Inna, wadda ba ta san ko alif ba amma duk rigimar kishiyoyi a unguwarmu ɗakinta ake kawowa, ta san wadda za ta fara bari ta yi magana da wadda za ta ba ruwa ta sha tukuna. Ta sarrafa jiki, ta ƴan kokawa da masu aikin hannu, ta kiɗa da sauti, ta riƙe siffar abu da hanya a cikin kai, da ta mutum ya san kanshi. Ya ce Yaya kai kam Allah ya ba ka ta hannu da ta kunne da ta siffa. Ya kuma ce ko gwajin basira na farko da wani Bafaranshe Alfred Binet ya yi a 1905, don a gano yaran da ke bukatar taimako a makaranta aka yi shi, ba don a jera su daga na ɗaya zuwa jaki ba. Wannan maganar ta tsaya mini, na ce to a ina aka ɓata hanya.

Amma yaron nan mai gaskiya ne, bai bar ni da zaƙin kawai ba. Ya ce masana da yawa ba su yarda da Gardner ba, suna cewa waɗannan baiwa ce da gwaninta, kuma ba a da wani tsayayyen gwaji da ke auna su ɗaya ɗaya. Ya ce kuma maganar da ta yaɗu cewa kowane yaro na da hanya ɗaya tak da yake koyo, wannan na ido ne wancan na kunne ne, an bincika ba a samu hujjar cewa raba yara haka na ƙara musu koyo ba, shi Gardner ɗin ma ya ce ba abin da yake nufi ke nan ba. Na ce mishi wannan ba sai Bature ya faɗa mini ba, jikka ɗari biyu da hamsin na biya na koye shi. Ni dai abin da na gani a rayuwata, hannuna da kunnena sun taimake ni na shiga karatu ta ƙofar da ta fi mini sauƙi, amma sai da na zauna na maimaita sautin kowane harafi sau ɗari kamar kowa. Ko sunanta basira ko sunanta baiwa wannan rigimar malamai ce, abin da ya dame ni shi ne yaro ya san yana da wani abu a kanshi kafin duniya ta gaya mishi ba shi da komai.

Da yamma na kira ɗana ɗaki na zaunar da shi kan gado ni na zauna ƙasa. Na ce mishi ka yafe mini, abin da na faɗa ƙarya ne, kuma ni ma haka aka ce mini. Na ɗauko wayoyin jan ƙarfen nan da uwarshi ta adana cikin gwangwanin madara na zube mishi. Ya ce Baba kai ma b da d suna juya maka? Na ce har gobe. Ya yi wata ƴar dariya da ban taɓa jin mai daɗinta ba.

Na je lakwal ɗinsu, abin da ban taɓa yi ba don tsoron a miƙo mini takarda. Madam ɗinsu mutuniyar kirki ce, aji ya yi mata yawa amma ta yarda ta maido shi gaba, ta daina karanta makinshi a bainar yara, wani lokacin ta tambaye shi da baki. Ya maimaita CE1, ban ɗaga murya ba. A gida muna yin Hausa tukuna da uwarshi, da ya kama ta sai Faransancin ya fara sauƙi, ba sosai ba, dikte har yanzu yaƙi ne. Lissafi kuwa ya fi ni, kuma shi ba ruwanshi da inji, na gwada shi a rumfa na ga hankalinshi ba ya wurin, zane yake so, zai zauna ya zana maka babbar kasuwa da ƙofofinta daga kai. Na hana kaina cewa dole ya gaje ni, don wannan ma wani nauyin ne irin wanda aka ɗora mini a bakin aji. Da na ji a rediyo a 2025 an ce Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar abin da ya fara zo mini shi ne rumfar zanar nan da ƙashin sambol, na yi addu'a Allah ya sa abin ya kai har cikin aji, yaro ya fara karatu da harshen da yake mafarki da shi.

Yanzu ina da yara biyar a rumfa, na koma aikin sola kuma Alhajin nan da kanshi ya sake kirana. Cikin yaran akwai mai kunne irin nawa, akwai wanda hannunshi ke da nauyi yana yawan karya ƙusa amma in mai lambu ya zo da fushi shi nike turawa, minti biyar za ka ji suna dariya. Ba na kiran kowa da sunan dabba, kuma duk wanda ya yi a gabana ya san ranar zai koma gida. Sharaɗina ɗaya, ba mai taɓa waya sai ya karanta mini abin da ke jikin akwati da bayan fano, lamba lamba, wanda bai iya ba muna zama bayan la'asar da wayar jan ƙarfe.

Bana ɗana yake CM2, ajin ƙarshe na firamare, jarabawa na tahe. Wani dare yana yi wani dare yana jifa da kaye, ni kuma in tsince in ajiye. Ban san ko zai samu ba, uwarshi na cewa zai samu, ni ina addu'a. Na riga na gaya mishi ranar da za a kira sunaye zan rufe rumfa mu je tare, in tsaya kusa da shi, kuma ko an kira shi ko ba a kira shi ba a moto ɗaya za mu dawo gida.